Ɗalibin da ya guje wa jarabawa ya warware abin da ya gagari malaminsa: lamarin David Huffman a MIT

A shekarar 1951 a jami'ar MIT da ke Amurka, Furofesa Robert Fano ya ba 'yan ajinsa zaɓi biyu. Ko dai ka zauna jarabawar ƙarshen zango kamar yanda aka saba, ko kuma ka rubuto takarda a kan wata tambaya guda da ya ba su, shikenan ka huta da jarabawa. Ajin na masu digiri na gaba ne, kwas ɗin kuma a kan wani fanni ne sabo fil, ilimin auna bayanai da aika su, wanda a lokacin shekararsa uku kacal da kafuwa. Tambayar a ido ba ta da wani ban tsoro, cewa aka yi a nemo hanyar da ta fi kowace hanya tsimi wajen mayar da haruffa zuwa sifili da ɗaya. Abin da Fano bai gaya musu ba shi ne, shi kansa ya gwada bai kai ga ƙarshenta ba, haka ma Claude Shannon wanda shi ne ya kafa fannin gaba ɗaya a 1948.

David Huffman, ɗan shekara 25, ya zaɓi takarda.

Wannan yaron ba ƙaramin kai ba ne. An haife shi a jihar Ohayo a 1925, kuma abin mamaki yana ƙarami bai yi magana da wuri ba har ana zaton ko yana da matsala, sai da aka yi masa gwaje-gwaje aka gane ashe gaba ya yi wa sa'o'insa. Yana ɗan shekara 18 ya gama digirin farko a injiniyan lantarki a jami'ar jihar Ohayo, a 1944 kenan, ya shiga sojan ruwa yana kula da na'urar rada a wani jirgin yaƙi da ya yi aikin kwashe nakiyoyi a tekun Japan da Sin bayan yaƙin duniya na biyu, ya dawo ya yi digiri na biyu a 1949, sannan ya wuce MIT neman dakta. Irin ɗaliban nan ne da in da jarabawar ya zauna ba wanda zai yi fargabar sakamakonsa. Shi kuwa malamin, Fano, haifaffen Turin ne a Italiya, ɗan wani babban masanin lissafi, dokokin da Musolini ya ƙaƙaba wa Yahudawa ne suka kore shi zuwa Amurka a 1939.

Ku lura fa a lokacin babu wani abu wai shi digirin kwamfuta. Sashen kimiyyar kwamfuta na farko a Amurka sai 1962 aka buɗe shi a jami'ar Purdue. Duk wannan aikin da biro da takarda aka yi shi.

Tambayar kanta

Waya ko kwamfuta ba ta san harafi ba, sifili da ɗaya kawai ta sani, kowane guda ɗaya shi ake kira bit. To in kana da haruffa biyar, mu ce a, i, n, k, s, hanya mafi sauƙi ita ce ka ba kowanne kod, wato nasa jerin sifili da ɗaya, mai bit uku, saƙo mai harafi 100 ya ci bit 300. Amma ai haruffa ba daidai suke zuwa ba, duk mai rubuta Hausa ya san yanda harafin a yake cika shafi. Saboda haka dabara ita ce mai yawan zuwa a ba shi gajeren kod, wanda ba ya cika zuwa a ba shi dogo, kamar dai mai shago da yake ajiye sukari da magi a kusa da hannunsa, kayan da sai wata-wata ake tambaya kuma ya kai su can ƙuryar sito. Wannan tunanin ba sabo ba ne, tun zamanin tangaraho kod ɗin Morse ya ba harafin E ɗigo ɗaya tak saboda shi ya fi yawa a Turanci.

Sai dai akwai sharaɗi. Mai buga tangaraho yana ɗan dakatawa tsakanin harafi da harafi, ita kuwa na'ura jerin sifili da ɗaya ne ke zuwa mata a haɗe babu tazara. In ka ba a kod ɗin 0, ka ba n kod ɗin 01, to da ta ga 0 ba ta san ko a ne ya ƙare ko n ne ya fara ba. Don haka dole kada kod ɗin wani harafi ya zama shi ne farkon kod ɗin wani. Da wannan sharaɗin ne abin yake zama lissafi na gaske, domin duk sanda ka ba wani gajeren kod ka toshe wa sauran hanya babba, in a ya ɗauki 0 to duk sauran tilas su fara da 1.

Shannon ya riga ya nuna akwai iyaka ta ƙasa wadda ba wani kod da zai iya wuce ta komai wayonka. Shi da Fano kowanne ya kawo hanyar da take kusantar iyakar. Ta Fano, wadda ya rubuta a 1949, ga yanda take. Ka jera haruffan daga mai yawa zuwa mai kaɗan, ka raba su gida biyu yanda nauyinsu zai zo kusan ɗaya, gidan farko ya fara da 0 na biyu ya fara da 1, sannan kowane gida ka sake raba shi haka har kowa ya tsaya shi kaɗai. Daga sama kake farawa kana gangarowa. Hankali yana karɓarta nan take, kuma yawanci tana ba da sakamako mai kyau.

Bari mu gwada da lambobin da na tsara don misali. Saƙo mai harafi 100, a ya zo sau 40, sauran huɗun i, n, k, s kowanne sau 15. Rabon da ya fi kusa da daidai shi ne a da i a gefe guda, 55 kenan, n da k da s a ɗaya gefen, 45. Sai a ya samu 00, i ya samu 01, n ya samu 10, k ya samu 110, s ya samu 111. In ka tara, haruffa 70 masu bit biyu 140, haruffa 30 masu bit uku 90, jimla 230. Daga 300 zuwa 230 ai an yi ƙoƙari. Iyakar Shannon a wannan misalin tana wajen 217. Abin tambaya shi ne, 230 ɗin nan ita ce ƙarshe ko akwai wanda ya fi ta, kuma in akwai ta yaya za a samo shi kullum ba da lalube ba.

Watannin da suka tafi

Huffman ya yi watanni a kai. Ba wai bai samu komai ba ne, ya fito da hanyoyi kala-kala kuma suna aiki, matsalar ita ce ba wadda ya iya kafa hujjar cewa ita ce mafi tsimi a kowane hali. A ganina nan ne zuciyar lamarin gaba ɗaya take, kuma nan ne masu ba da labarin suke saurin wucewa don su kai ga wurin da ya fi daɗi. Ɗalibin da maki kawai yake nema da ya ɗauki ɗaya daga cikin hanyoyin nan, ya gwada ta a misali uku ko huɗu, ya ga ta doke ta malam a wasu, ya rubuta shafi goma da kyakkyawan Turanci ya miƙa. Wataƙila ma da ya samu makinsa. Shi kuwa ya ɗauki kalmar mafi tsimi da gaske, in ba hujja to ba a amsa tambayar ba.

Da jarabawa ta matso ya sare. Ya yanke shawarar gara ya koma ya yi karatun jarabawar tun lokaci bai ƙure masa ba. Kamar yanda ya ba da labari shekara arba'in bayan haka a wata hira da mujallar Scientific American a 1991, yana cikin jefa takardun lissafin nasa a kwandon shara ne amsar ta faɗo masa gaba ɗaya kamar walƙiya.

To mene ne ya gani? In ka bi yanda ya tsara hujjar a takardarsa za ka ga ya canza tambayar ne. Ya bar tambayar ta yaya zan gina kod mafi kyau, ya koma kan in da a ce kod mafi kyau yana gabana, wace siffa ce dole ya kasance da ita. Na farko, ba zai yiwu harafi mai yawan zuwa ya fi wanda ba ya yawan zuwa dogon kod ba, don in haka ta faru sai ka musanya su ka samu ragi, kenan dama ba shi ne mafi kyau ba. Na biyu, kuma wannan shi ne mabuɗin, haruffa biyun da suka fi kowa ƙarancin zuwa dole tsawon kod ɗinsu ya zama ɗaya, don in na ƙarshen ya fi kowa tsawo shi kaɗai to bit ɗinsa na ƙarshe ba ya bambanta shi da kowa, asara ce kawai, sai a yanke. Kuma ana iya tsara su yanda komai nasu iri ɗaya ne sai bit na ƙarshe, wannan 0 wancan 1.

In haka ne kuwa, ai sai ka ɗauki waɗannan biyun ka ɗaure su wuri guda ka ɗauke su a matsayin harafi ɗaya mai nauyin su biyun a haɗe. Matsalar haruffa biyar ta koma ta huɗu. Ka sake, ta koma ta uku. Haka har ta koma biyu, wanda ko yaro ya san amsarsa, ɗaya 0 ɗaya 1. Sannan ka warware ɗaurin kana komawa baya.

Mu koma kan misalinmu. k da s, 15 da 15, an ɗaure sun zama 30. Yanzu mafi ƙanƙanta su ne i da n, su ma sun zama 30. Saura 40 da 30 da 30, a ɗaure talatin biyun su zama 60. Saura 40 da 60. Sai a ya ɗauki 0 shi kaɗai, sauran duk su fara da 1, i 100, n 101, k 110, s 111. Lissafi, 40 sau ɗaya 40, 60 sau uku 180, jimla 220. Ta malam 230. Kalmar kasa a kod ɗin Huffman 11001110 ce, bit takwas, a na Fano goma, a na farkon can sha biyu. Kuma ba kod irin wannan, mai ba kowane harafi nasa jerin, da zai sauka ƙasa da 220 ɗin nan, an rufe maganar da hujja.

Inda hanyar Fano take tuntuɓe shi ne tana yanke hukunci mafi girma tun farko, rabon farko, alhali ba ta ga abin da zai biyo baya a ƙasa ba, a misalinmu son daidaita gida biyu ne ya sa ta maƙala wa a abokin zama ta hana shi bit ɗaya. Ta Huffman tana farawa ne daga wurin da ake da tabbas, wato ƙananan da ba wanda ya damu da su, manyan kuma su sami wurinsu da kansu.

An ce da Huffman ya kai wa Fano amsar, abin da ya fito daga bakin malamin shi ne, wai dama iya abin kenan? Takardar ta fito a mujallar Proceedings of the IRE a watan Satumba 1952, shafi huɗu ce duka-duka.

Ɓoyewar da Fano ya yi

Huffman da bakinsa ya ce da ya san Fano da Shannon sun sha fama da tambayar, da wuya ya taɓa ta balle ya yi watanni a kai. Mu dai mun taso muna jin rashin sani ya fi dare duhu, amma a nan rashin sanin ne ya yi masa rana. Kuma ba shi kaɗai ba ne, a 1939 George Dantzig ya makara zuwa ajin Jerzy Neyman a Berkeley, ya ga tambayoyi biyu a allo ya kwafa a zaton aikin gida ne, ya warware su, ashe matsaloli ne da ba a taɓa warwarewa ba a ilimin ƙididdiga.

Amma ni ban yarda a ɗauki wannan a ce ashe maganin shi ne malamai su riƙa yaudarar ɗalibai ba. Irin wannan labarin na wanda ya dace ake bayarwa, wanda ya ƙone watanninsa bai samu komai ba ba mai kiran sa hira. Abin da ya sa dabarar Fano ba ta zama zalunci ba shi ne ƙofar jarabawa tana buɗe har ƙarshe, shi ya sa ma Huffman ya iya cewa bari ya koma ya yi karatu. Ɗalibin yana da inda zai faɗa in abin ya ƙi. In ka cire wannan ƙofar, ka ba yaro matsalar da ta gagari manya ka ce makinsa gaba ɗaya a kanta yake, wannan mugunta ce.

Akwai kuma abin da ya shafi haziƙan ɗalibai musamman. Yaron da tun firamare shi ke zuwa na ɗaya, abin da ya ƙware a kai shi ne saurin kama hanyar malam da mayar masa da ita tsaf, kuma duk tambayar da ya taɓa gani a rayuwarsa tana da amsa a bayan littafi, tana kuma ƙarewa cikin awa biyu ko uku. Bai saba da zama wata guda a kan abu ɗaya yana jin kansa daƙiƙi ba. Sannan shi ne ya fi kowa abin asara. A jami'o'inmu da ake lissafin maki a kan biyar, mai riƙe da 4.50 zuwa sama ya san kwas ɗaya mai nauyi in ya karkace zai iya sauke shi daga fas kilas, don haka in aka ba shi zaɓin da Fano ya bayar, lissafin hankali cewa zai yi ya ɗauki jarabawa, abin da ya san zai ci. Haka in lokacin furojet ya zo, sai ka ga mafi ƙwazo a aji ya zaɓi manhajar rajistar ɗalibai ko ta ajiyar bayanan asibiti, irin wadda aka yi ta sau ba adadi, ba don ba zai iya fin haka ba sai don ita ce ba ta ba da kunya ranar difens. Ban ga laifinsa sosai ba gaskiya, tsarin ne ya koya masa wannan lissafin, kuma sau da yawa tallafin karatu na waje a kan wannan makin yake rataye.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yanda ake koyar da kod ɗin Huffman ɗin kansa yanzu. Yana cikin kusan kowane littafin algoridim, wato matakan da kwamfuta take bi ta warware matsala, ana gama shi a lakca ɗaya, a zana ɗaure-ɗauren haruffan nan a allo kamar bishiya mai rassa, ɗalibai su haddace ɗauki ƙanana biyu ka haɗa, a kawo shi a jarabawa su ci. Hujjar kuwa, wadda ita ce ta haifi hanyar, ita ake tsallakewa wai ba za ta fito ba. Ɗalibin kwamfuta da ya rubuta furogiram ya gwada da misali uku ya ga ya yi aiki ya rufe laftof, a daidai inda Huffman yake a watansa na farko yake tsaye, yana da abin da ke aiki amma bai san ko shi ne daidai ba.

Abin da ya biyo baya

Huffman bai taɓa yi wa hanyar rajistar haƙƙin ƙirƙira ba, bai ci ko sisi daga gare ta ba, ladansa dai bai zauna jarabawar ba. Wannan rashin rajistar ya yi tasiri fiye da yanda ake zato. Na'urar faks ta ɗauki wani nau'insa, tsarin hoto na JPEG da aka fitar a 1992 ya ɗauka, MP3 ya ɗauka, fayil ɗin ZIP da hoton PNG duk suna amfani da shi a matakin matse bayanai. Duk hoton biki da aka turo maka a WhatsApp, wayarka sai ta bi ta kan bishiyar nan kafin ta nuna maka fuskar amarya.

Ba kuma wai ba a samu wanda ya fi shi ba. Rauninsa shi ne kowane harafi dole ya ci cikakken bit, ba rabi ba kwata, shi ya sa a misalinmu ya tsaya a 220 bai kai 217 ba, in kuwa harafi ɗaya ne yake zuwa sau 99 cikin 100 asarar tana da yawa sosai, don dole a ba shi bit guda alhali bayanin da yake ɗauke da shi bai kai ko kusa da haka ba. A 1976 aka fito da wata hanya da take mayar da saƙon gaba ɗaya lamba guda tsakanin sifili da ɗaya, Jorma Rissanen na kamfanin IBM yana cikin waɗanda suka samar da ita, kuma ta fi matsewa. Tsarin JPEG ya tanadi hanyoyin biyu duka. Amma sabuwar tana ɗaure da haƙƙin mallaka na kamfanoni, ga shi ta fi cin ƙarfin na'ura, sai masu kyamara da masu manhaja suka zauna a kan ta ɗalibin da ba ta da mai karɓar kuɗi, har bayan wa'adin haƙƙin ya ƙare ba a koma ba.

Shi Huffman kansa bai ɗauki kod ɗin nan a matsayin babban aikinsa ba, ya fi alfahari da kundin daktansa na 1953 a kan tsara da'irorin lantarki masu tuna halin da suke ciki, wanda ya yi a ƙarƙashin Samuel Caldwell. Ya koyar a MIT daga 1953, a 1967 ya koma jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz ya zama cikin waɗanda suka kafa sashen kwamfuta a can, daga baya hankalinsa ya karkata ga lissafin naɗe takarda, yana lanƙwasa ta a kan layuka masu baka yana fitar da siffofi. Ya yi ritaya a 1994, ya rasu a watan Oktoba 1999, shekarar da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta ba shi lambar yabo ta Hamming. Fano kuwa shi ya jagoranci Project MAC a MIT daga 1963, inda aka yi aikin da ya ba mutane da yawa damar amfani da kwamfuta ɗaya a lokaci guda, ya rayu har 2016.